Hannun da Zai Wanke Ni

Ni dai ban yi niyyar zuwa rijiya ranar nan ba, kukan ƙishirwar akuyata ne ya fitar da ni. Da na sani, da na bar ta ta yi ta kukanta. Na iso da 'yar ƙwaryata na tarar mata sun yi zobe, wata ma guga na hannunta ta manta ba ta jefa ba, kowa ya miƙa wuya wajen Tumba. Tumba kuwa ita ce matar da na koya wa wankan gawa da hannuna, ita nake aikawa gidajen mutuwa tun da gwiwoyina suka daina ɗaukata. Jiya-jiya ta wanke wata mata a unguwar masaƙa, yau ga ta tana kwatanta abin da ta gani a jikin matar, har da nuni da hannu, ana ta "Ke don Allah!" ana toshe baki ana dariya. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba. Na tsaya a bayanta har ta juyo ta gan ni.

Na ce, "Tumba, haka nik koya maki?"

Ta ce, "Haba Inna, mu-mu na, mata zalla. Wa za shi kai mata labari can inda take?"

Na juyo gida da ƙwaryata babu ruwa, akuyar ma na manta da ita.

Tun ranar tuwo bai sake zauna min a ciki ba. Na ji wa matar masaƙa ciwo, amma ba zan ɓoye ba, kaina na fi ji wa tsoro. Na tsufa, kuma duk tsohuwar da ta ce ba ta tunanin hannun da zai wanke ta, ƙarya take. A cikina, daga ƙarƙashin ƙirji zuwa cibiya, akwai zane. Layi-layi ne masu tudu kamar kunyar gona, irin na mutanen duwatsun kudu da ake kamowa a ɗaure. Duk wanda ya gani ya san inda aka fito da mai shi, ya san kuma yadda aka fito da ita. A nan Shagari kuwa ni ɗiyar gidan malamai ce daga Bodinga, haka aka ɗauro min aure, haka 'ya'yana suka tashi suna ɗaga kai. Yanzu gidan Ardo sun kawo gaisuwar neman jikata Kulu ga ɗansu, ita ma tana son yaron har ba ta iya ɓoyewa, in aka ambaci sunansa sai ta ƙone miya. Gida ne mai ƙirga kakanni kamar yadda suke ƙirga shanunsu. Shari'a ba ta da abin cewa a kanmu, ni 'yantacciya ce, mijina ɗa ne. Amma bakin rijiya ba ya zuwa wajen alƙali. Ranar da Tumba ta ɗora hannu a cikina, kafin a dawo daga maƙabarta Kulu ta zama jikar baiwa.

Abin da na iya tunawa kafin Bodinga ba shi da yawa. Duwatsu, hayaƙi, da wata mata tana niƙa tana waƙa da harshen da ya riga ya fice min daga kai. Sai wani baƙon falke da ya sauka a gidan wani malami, da zai tafi ya bar ni tare da rago, sadaka ga matar gidan. Matar nan ita ce Modibbo, haka kowa yake kiranta, mai koya wa 'yan mata karatu a cikin gidanta. A ranar ta sa mijinta da liman suka shaida ta 'yanta ni. Da maraice ta kai ni bayan ɗaki za ta yi min wanka, ta kwance tsumman da ke jikina, ta ga abin da ta gani. Ta cuɗe ni tas, ta ɗaura min zane har saman ƙirji, ta ja gefen ta soke da ƙarfi, ta nuna min da hannu cewa haka zan riƙa yi. Da mata suka shigo suna tambaya wace ce wannan, ta ce, "Ɗiyata ta." Ba ta ƙara ba, babu kuma mai ƙarfin halin da zai ce ta ƙara. Aka ɗauka riƙo aka kawo mata daga danginta na gabas. Rashin maganata kuwa, da yake ban ji Hausa ba tukuna, aka ce kunya ce.

Kai, gidan nan! Har yau in na rufe ido ina jin sa. Tun da jijjifi ƙarar jigo daga fadama, masu albasa suna ban ruwa, shanu suna fita ta ƙofar gari, sannan mu a gindin ƙirya kowa da allonta a cinya, murya sama, wata tana farkon littafi wata ta yi nisa, duk a cuɗe. Mai wucewa zai ce hayaniya ce kawai. Ita kuwa Modibbo tana zaune a kan buzu tana kaɗi, mazari yana juyawa, idonta a kan zare, amma bari wata daga can ƙarshen tabarma ta ci wasali ɗaya, sai ka ji ta kira sunanta ba tare da ta ɗaga kai ba. Ba ta da bulala. Mazarin ne zai tsaya cak, kuma tsayawar mazarin nan ta fi mana duka ciwo. Mu muke jiƙa ƙaro mu kankare baƙin tukunya mu haɗa tawada, mu muke gurzar auduga, mu wanke alluna a wani rami da ta kewaye da duwatsu don kada ƙafa ta taka ruwan. In an tashi da hantsi sai daka, taɓarya tana amsa taɓarya har gidan maƙwabta su kama. Yanzu fa? Yarinya ba ta gama haɗa baƙi ba an ɗora mata ƙwaryar talla, in ka ce ta zauna ta saurara sai uwar ta ce wa zai sayar mata da fura. Matan da suke da karatun ma sun iya baki ne kawai. Kowace ta san farillan wanka tana jero su kamar waƙa, amma a ɗakin gawa sai ka ga an yaye mayafi gaba ɗaya, an tara 'yan kallo, wata ma da goro a baki.

Modibbo ba haka ta koya mana ba. In yarinya ta yi nisa a allo ta fara hankali, sai ta shigar da ita karatun ranar Alhamis, ranar da ba a ɗaukar allo. A cikin ɗaki ake yi, a saki asabari. Karatun wankan gawa ne, kuma ba a kan itace ko damin kara muke koyo ba. Ɗayarmu ce za ta kwanta a kan tabarma a lulluɓe ta da farin mayafi daga wuya zuwa ƙafa, wata ta durƙusa ta wanke ta ta ƙarƙashin mayafin, idonta a rufin ɗaki, sauran kuma su juya baya su fuskanci bango. Ruwa na gaske, da ɗumi, da ganyen magarya. Wadda ta kwanta ba ta motsi, ba ta magana, ko cakulkuli ta ji sai ta cije. Modibbo takan ce, "Sai kin kwanta an taɓa ki ba ki da ikon hanawa, sannan za ki san yadda a ka taɓa wadda ba ta iya cewa bari." A tsakiyar wankan kuma takan jefo tambaya ga mai wankewa: "Mi kinka ji?" Yara sai su amsa. Wata ta ce ta ji ƙurji, wata ta ce cibiyar wance ƙatuwa ce, a ƙyalƙyale da dariya. Modibbo ta ce, "To, madalla." Amma wadda ta amsa ɗin nan ba a sake kiranta ranar Alhamis. Mun daɗe ba mu gane dalili ba, mun ɗauka mantuwa ce irin ta manya.

Ni kuwa tun da aka shigar da ni nake fargaba, don a cikin wankan akwai inda ake shafa cikin gawa a hankali, da tafin hannu tsirara. Mayafi yana hana ido, amma zanena mai tudu ne, hannu zai karanta shi sarai. Da na ga layi ya kusa kaina na same ta ita kaɗai tana alwala, na durƙusa na ce, "Modibbo, don Allah ki tsallake ni." Ta gama wanke ƙafarta tukuna. Ta ce, "In nit tsallake ki, ɗiyan ga za su nemi dalili. Kuma ko ba yau ba, wata rana dole wani hannu shi taɓa ki, ina da rai ko ba ni. Gara in zaɓi hannun ina gani." Na yi kuka har da majina. Ko kallona ba ta sake yi ba.

Ranar ta zo. Na kwanta, aka lulluɓe ni, na sassauta zanena ta ƙarƙashi kamar yadda kowa yake yi. Sai na ji ta ce, "Yalli, taso." Wayyo Allah! Duk makarantar babu mai kaifin baki kamar Yalli. Ɗiyar masu shanu ce, fara, doguwa, mai jin kanta, ita ce take laƙaba wa kowa suna, kuma na sha jin yadda take kiran kuyangin gidansu. Na ce a raina Modibbo ta gaji da ni ne, ta ga hanyar rabuwa da ni. Yalli ta yi min alwala, ta zuba ruwa a kaina, tana ɗan mintsinina a ɓoye don in motsa a yi min dariya. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta sauko kan cikina. Hannun ya tsaya. Na ji yatsunta sun bi layi ɗaya, sun koma sun bi na biyu, sannan suka daskare a wurin. Zuciyata tana bugawa a ƙarƙashin tafinta, na san tana ji.

Modibbo ta ce, "Yalli, mi kinka ji?"

Shiru.

"Da ke ni ka magana. Mi kinka ji?"

Shiru. Ina jin numfashin sauran yaran a jikin bango, kowa ya ƙosa ya ji abin dariya.

Modibbo ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba. "Yau bakin naki ya mutu? Ki gaya mani ko ki fita ɗakin ga!"

Yalli ba ta fita ba, ba ta kuma yi magana ba. Wani abu mai ɗumi ya ɗigo min a wuya, ba ruwan magarya ba ne. Can sai na ji mazari ya ci gaba da juyawa, Modibbo ta ce a hankali, "Ci gaba, ki fara da dama."

Ba zan ce na gode mata a lokacin ba. Na yi fushi da matar nan fushi mai tsanani, na daɗe ina kai mata ruwan alwala ba na haɗa ido da ita. Ta yi caca da ni, abin da na gani ke nan, kuma har yau in na tuna wani gefe na zuciyata bai gama yafewa ba. Da Yalli ta buɗe baki fa? Amma Yalli ba ta buɗe ba. Ba ta daina rashin kunyarta ba, ta ci gaba da yanka mutane da harshe har ta yi furfura, sai dai maganar nan ko ni ba ta taɓa yi wa ita ba. Da aka kawo ni Shagari ita ma aure ya kawo ta wata ruga kusa da Dandin Mahe. Duk haihuwar da na yi, kafin ungozoma ta ji labari Yalli ta iso a kan jaki tana masifa, ta kori kowa ta ce ba a iya wankan jego ba a garin nan, ita za ta yi wa 'yar makarantarsu. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya san abin da ya sani ya tafi da shi. Da Modibbo ta rasu mu biyu aka aiko wa, mu muka wanke ta, idonmu a rufin ɗaki. A hanyar dawowa muka yi alkawari duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. Yalli takan ce, "Ki yi sauri ki mutu, ke, kada ki bar ni da wahalar jira." Sai ga shi ita ta yi min wayo. Daminar bara na wanke ta.

Laifin Tumba ma rabi nawa ne ko na zamani, oho. Na koya mata komai daidai, amma da na ce ta kwanta a wanke ta sai ta yi tsalle ta ce ita ba za a yi mata fatan mutuwa ba, mijinta ma ya aiko a gaya min in bar wannan al'ada. Duk wadda na nema bayanta haka. Wata ta ce tsoro, wata ta ce ƙyama, wata ta tambaye ni me ake samu. Na yi ta juya abin a raina, na duba gabas na duba yamma, ban ga kowa ba sai Kulu. Kuma Kulu ita ce wadda na fi tsoro. Yarinya ce mai baki, ga dariya ba wuya, ga ta da ƙawaye kamar tsaki. Kwanan nan na ji ta da kunnena tana faɗa da wata a kan layin guga, ta ce mata, "Tafi can, ɗiyar bayi." Na ce wannan ko Yalli ce aka dawo min da ita, ko kuwa ajalin asirina ne. Modibbo ta zaɓi hannu tana gani. Ni ma idona bai rufe ba tukuna.

Shekaranjiya Alhamis, da hantsi, mutanen gida sun tafi fadama cirar albasa, na sa ta ɗora ruwa ta tsinko magarya. Ta ce, "Wa yam mutu, Kaka?" Na ce, "Ni. Saki asabari." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "In dai za ki bar mani akuyar, bismilla." Na kwanta, ta lulluɓe ni, ina gaya mata abin da za ta yi ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana tsokanata wai gawa mai surutu ba ta taɓa gani ba. Na ce ta ɗaga ido sama, ta sa hannu ta shafa cikin a hankali. Sai na yi shiru, na saki jikina.

Hannun ya tsaya, a daidai inda na Yalli ya tsaya. Dariyar ta ɗauke. Na bar ta ta bi layin da yatsa, ta san ko mene ne, ta sha ganinsa a jikin matan da suke yi wa gidan Ardo daka.

Na ce, "Kulu, mi kinka ji?"

Na so ta yi shiru. Wallahi na roƙi Allah ta yi shiru. Sai ta ce, da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba, "Kaka, wa yay yi maki wanga?"

A ma'aunin Modibbo ta faɗi ke nan, ba za a sake kiranta ba. Amma ni tambayar ta shige ni wani wuri. Modibbo ba ta taɓa tambayata ba, Yalli ba ta tambaya ba, mijina bai tambaya ba, duk sun rufa min asiri sun bar ni ni kaɗai da shi. Na ji bakina yana cewa, "Uwata, ina zato. Ado na, a wurinsu. Shi kaɗai nit taho da shi nata." Ban taɓa faɗin haka ba ko a zuciyata. Kulu ta bar tafinta a wurin ya daɗe, sannan ta gama wankan, dama da hagu, ba kuskure, ta ɗaura min zane ta soke gefen. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki tulu ta fita.

Na ja jiki na zauna a gindin darnin kara da ya kewaye gida, inda hanyar rijiya ta bi ta bayan gidanmu. Na ce yau ko na kashe auren yarinyar nan da hannuna, ko na samu mai wanke ni. Ruwan wankan ya bi rariya ya fita waje da ganyen magarya a kansa, ban yi tunanin wannan ba sai da na ji muryar Tumba. Tumba ta san ruwan magarya in ta gan shi.

"Ke Kulu, tsaya. Mi a ka yi gidanku da asabari sake da rana tsaka? Ruwan mi na wanga?"

"Kaka nika koyon wankan gawa a kanta."

"Kai! Ta kwanta maki? To gaya mani, yaya jikin tsohuwar yake? Ita da ko gaban mata ba ta sassauta zane."

Na kama karan darni na riƙe. Na ji Kulu ta sauya wa tulu zama a kanta.

Ta ce, "Ƙashi da fata, Inna Tumba, sai baƙin faɗa. In kina son kallo ki zo ki kwanta in wanke ki, ruwan bai huce ba."

Matan da ke bayansu suka kwashe da dariya, Tumba tana "A'uzubillahi, ɗiyar ga ba ta da kunya," har muryarta ta yi nisa.

Ja'irar yarinya. Na sa bakin zane na share fuskata kafin ta shigo. Ta sauke tulun, na ce ta ba ni ruwa in sha. Ta ɗebo a moɗa ta durƙusa ta miƙo min, rabin ruwan ya zube a ƙafata. Na riƙe hannunta da nawa biyu na sha a haka.